Neman murfin kwanon Inna a Kuala Lumpur

Mun tashi da asuba daga Kedah, inda nake karatu, muka nufi Kuala Lumpur, ni da wata ƙawata 'yar Jos. Ita yawon buɗe ido ya fito da ita, ni kuwa kwano na rungumo a cinya, naɗe cikin zani biyu. Kwanon gilashi ne mai sassaƙa, na marigayiya Innarmu, wanda ita ma ta gada a wurin kakarmu. Kafin ta rasu ta ce in ajiye shi, ranar auren autarmu in sa mata a jere. Saura wata ɗaya bikin, ga murfin ya suɓuce mini a wurin wanki ya tarwatse. Aka ce idan na san kamfanin da ya yi shi da sunan zanen, zan iya samun irin murfin a wurin dillalan tsofaffin kaya.

Hanya lafiya lau, ba rami ko ɗaya, sai gonakin kwakwar manja har ido ya gaji. Sanyin cikin bas ɗin kuwa, wallahi kamar direban kifi ya ɗauko. Ƙawata ta yi ta barcinta, ni ko direba ya taka birki sai gabana ya faɗi.

Bayan azahar muka sauka, muka nufi Kampung Baru don cikinmu ya fara ƙugi. Gidajen katako ne tsofaffi, dogayen benaye sun yi musu zobe. Muka ci nasi lemak, shinkafar kwakwa da yaji da gyaɗa, ringgit shida faranti. A Kedah da rabin haka sai ka ƙoshi. Mai abincin ta ga na bar rabi, ta ce, “Makan lah!”, wato in ci mana. Na yi murmushin dole, muka biya muka tashi.

Shagon tsofaffin kayan da aka kwatanta mini yana hawa na uku a wani tsohon ginin kasuwa kusa da Bukit Bintang, inda rabin ƙofofin a rufe suke. Mai shi tsoho ne ɗan asalin Sin, ba ya gaggawar komai. Ya auna nauyin kwanon a tafinsa, ya ɗan ƙyasta bakinsa da farce. Ƙarar ta daɗe tana yawo a shagon kafin ta mutu. Ya kama yatsana ya bi da shi kan sassaƙar, ya ce in ji kaifinta: da hannu aka yanka, na zubi ba ya yin haka. Ya ƙirga tsinin tauraron da aka sassaƙa a ƙasan kwanon, ya ɗauko wani littafi duk ya yage, ya yi ta buɗawa. Zanen dai ya samo shi, amma kamfanoni da yawa sun kwaikwayi juna a kansa, kuma murfin wannan ba ya zama a kan na wancan. Abin da zai raba gardama tambari ne, ɗan mitsitsi, dishi-dishi, wanda ba a gani sai an huro masa numfashi an karkata shi ga haske.

Ya kifa kwanon, ya hura, ya karkata. Sai ya cire tabarau ya dube ni.

“Wa ya goge nan?”

Ni ce. A unguwarmu kowace mace tana yi wa kwanukanta alama da fenti, don in an ara a biki su dawo gida. Alamar Inna ɗigo uku ne ja, ta yi su a ɗan wurin da ya fi santsi a gindin kwanon. Kwana biyu kafin tafiyar na dube su na ji kunya, wai kada masani ya ga ƙauyanci. Na kankare da reza, na bi da samfefa har wurin ya yi fari. Tsohon ya ce tambarin a ƙarƙashin fentin yake, fentin ma shi ya kare shi duk shekarun nan, kuma da na kawo shi yadda yake, da auduga da ɗan mai zai ɗauke shi. Ya gwada mini murfi huɗu daga cikin kayansa, babu wanda ya zauna. Bai karɓi ko sisi ba.

Da muka fito aka tsuge da ruwa. Ƙawata ta so mu je tafkin Titiwangsa ko zan saki jiki, na ce ta yi haƙuri. Muka kwana wurin wasu ɗalibai 'yan Kano, washegari muka kamo hanya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini mai ɗaci ne: kunyar abin gida ta sa na yi ɓarnar da ta fi ta murfin, kuma da hannuna na yi, a natse. Da na iso ɗaki na kira auta, na gaya mata murfi ya fashe, ban kuma samo wani ba.

“Haba Yaya, shi ne kika sha wannan wahala?” ta ce. “Ki kawo shi haka. Ni dai in juya shi in ga jan fentin Inna, ya ishe ni.”

Na ce mata to. Yau kwana uku ke nan, ban iya sake kiranta ba.