Kawuna Ɓarawon Ruwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana satar ruwa a gaban jama'a, har ana biyansa. A gonarsa ta gaskiya kuwa, wadda take can ƙarshen layin kanal, hanyar ruwan noman rani, a wajen Bunkure, shi ake yi wa satar.

Abin ya faro ne lokacin da malaman gona suka ga wa'azinsu ba ya shiga kunnen manoman rani, suka koma wasan kwaikwayo. Sukan zo ranar kasuwa da mota da lasifika, a share fili, a ja layi biyu a ƙasa a ce kanal ke nan. Sai aka nemi wanda zai fito a manomi mai taurin kai, wanda ba ya jiran ranar ruwansa, yana toshe hanya da buhun ƙasa ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa. Kowa ya noƙe, don ba mai son surukansa su gan shi a haka. Kawu bai yi aure ba tukuna, ya ce a ba shi.

Allah ya yi masa doguwar fuska mai ban tausayi, kamar wanda aka yi wa rasuwa jiya. Ba ya dariya a wasa, ba ya ɗaga murya. In an kama shi da buhun a hannu, sai ya dubi buhun, ya dubi jama'a, ya gyara zaman hularsa, ya ce shi ma yanzu ya tsince shi. Gyaran hular nan shi ya ciyar da shi shekara da shekaru.

Daga dandamalin kasuwa aka kai shi rediyo, daga nan talabijin, sannan masu fim na Kano suka gano shi. Ya fito a maigadi mai barci, ya fito a dillalin da ya sayar da fili ɗaya wa mutum biyu, ya fito a kawun amarya da ya cinye kazar baƙi. Bai taɓa fitowa a jarumi ba. Sau ɗaya aka ba shi alƙali, ya kwana uku yana haddar maganarsa, amma da ya zauna a kujera ya ce a shigo da masu ƙara, mai riƙe da kyamara ya kasa riƙewa don dariya. Aka cire masa rawani aka mayar da shi masinjan kotu. In an gama aiki yakan hau mota zuwa Kura, ya hau acaɓa zuwa gida, washegari yana cikin tumatirinsa da fartanya. A garinmu dai duk finafinan nan ba su canja masa suna ba. Ɓarawon Ruwa yara suke kiransa, manya ma haka, sai dai su sukan fara da Malam.

Wata shekara ruwan rani ya yi ƙaranci. Na farkon layi suna sha har su yi ambaliya, na ƙarshe suna kallon ƙasa tana tsagewa. Mai kula da rabon ruwa a layinsu ya ajiye aikin bayan an nuna masa lauje. Aiki ne da ba albashi, sai zagi. Ina gida hutu a lokacin, Kawu ya zo ya shaida wa mahaifiyata cewa shi zai nema. Tumatirinsa ya fara yaushi, wannan ɗaya ne. Na biyun bai faɗa ba, amma duk mun sani: yana so ko sau ɗaya ya yi magana a gaban mutane a saurare shi.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta hana shi ba. Ta dai tuna masa cewa shi ne mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je sai mata sun toshe baki da mayafi. Ya ce wannan daban, magana ce ta amana. Ta goge masa babbar rigarsa.

Aka taru bayan la'asar a gindin mangwaro kusa da kwalbati. Abokin takararsa wani matashi ne mai injin casar shinkafa, ya yi bayani mai tsawo da ɗan Turanci a ciki, aka gyaɗa kai. Kafin Kawu ya tashi, wani dattijo mai albasa ya ce yana da ƙorafi. Ya ce kafin wasan malaman gona, su da ciyawa da laka suke toshe ruwa, ruwan ya wanke ya wuce. Dabarar buhu a wurin Kawu suka gani. Wasan da aka kawo don a hana sata shi ya koyar da ita. Mutane da dama suka sunkuyar da kai suna murmushi, don gaskiya ya faɗa.

Kawu ya miƙe. Ya yi sallama, ya yi salati, ya fara magana a kan haƙƙin maƙwabci. Maganar tana da kyau, na san ya shirya ta. Amma da ya zo tsakiya sai kalma ta ɓace masa, hannunsa ya tafi da kansa ya gyara hula. Wurin ya ɓarke da dariya. Ya tsaya ya jira. Da ya ga hular ce matsala, ya cire ta ya cusa a aljihu. Dariyar ta ƙaru, har wani ya faɗo daga benci, ina kusa da shi ina gani.

Da aka lafa, ya ce a hankali, "Jama'a, tumatirina ya bushe. Wannan ba wasa ba ne."

Mutane suka dubi juna, ba su tabbata ko an gama wasa ba. Sai wani makiyayi da ya daɗe da zama a cikinmu, yana noman shinkafa a farkon layi, ya gyara sandarsa ya ce shi a ba Malam. Ya ce duk wanda aka naɗa a baya sai da suka yi faɗa da shi, don ba ya son a yi masa tsawa a gaban 'ya'yansa. Wannan kuwa ko zaginsa ya yi ba zai ji haushi ba. Aka yi ta cewa haka ne. Mai injin da kansa ya ɗaga hannu. Kawu ya ci zaɓe, amma ba da dalilin da aka goge masa riga dominsa ba.

Aikin ya tafi yadda makiyayin ya faɗa. Kawu yakan bi gefen kanal da safe, ya tarar da buhu a inda bai kamata ba. Ya dubi buhun, ya dubi mai gona. Kafin ya buɗe baki mai gonar zai ce, "Wallahi Malam, ni ma yanzu na tsince shi." Sai ya shiga ruwa yana dariya ya janye buhun da hannunsa. Ba a sake nuna wa kowa lauje ba a layin nan, ruwa kuma ya kai ƙarshe.

Da na koma gida lokacin ɗiban tumatir, na same shi a tsakar gida tsakanin kwanduna, fuskar nan ta ƙara tsawo. Na yi masa barka. Ya ce barkar me, ɗana, mutanen da ko ɗaya ba ya jin tsoronsa. Ya ce yana tsaye a kansu da muƙaminsa, su kuwa suna mayar masa da maganarsa ta wasa.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, tumatir ya sha ruwa ko bai sha ba?"

Ya dubi kwandunan. Ya ce ya sha. Sannan ya gyara zaman hularsa, ni da Inna kowa ya nemi wani wurin kallo, kada dariya ta kuɓuce masa.