Malama Jannatu da Shafin da Ambaliya Ba Ta Ci Ba

Kullum da hantsi Malama Jannatu Haris kan buɗe ɗan shagonta da ke bayan kasuwar kifi ta Haɗeja, ta goge kwamfuta da bakin mayafi, ta duba ko shafukan intanet da ta gina wa mutane sun kwana lafiya. Haka take faɗa, sai ka ce awaki take kiwo. Shekara da shekaru ke nan tana wannan aiki, amma yawancin masu cin moriyarsa ko fuskarta ba su sani ba.

Manoman shinkafa na Auyo kam sun san ta. Lokacin da ƙungiyarsu ta so shafin da masu saye za su riƙa samunsu kai tsaye, shugabansu Alhaji Muttaka ya zo da zaɓinsa a waya: manhajar gina shafi ta wani kamfanin waje, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa. Kaka ta yi albarka a shekarar, kuɗin lasisi bai ko ɗaga masa hankali ba.

"'Yata, wannan za ki saya mana," in ji shi.

"Baba Alhaji, ba a sayenta. Haya ce. Duk shekara sai an sabunta lasisin, da dala kuma. Ranar da aka kasa, su rufe shafin."

"Haba! Injin ban-ruwa in na biya ai ya zama nawa."

"Wannan gonar haya ce, Baba. Shekarar da kogi ya shanye shinkafa, wa zai biya?"

Alhaji ya tashi ransa a ɓace, wai yarinya tana yi musu mugun fata shuka na tsaye. Ita kuwa ta san kamfanin yana ba da kamasho ga duk wanda ya kawo masa ciniki. Ta kau da kai, ta zaɓi manhajar da ba ta da kuɗin lasisi. Ba ta ɓoye musu komai ba: akwai ɗan kuɗin ajiye shafi, da naira, ba zai yi ƙyalli kamar wancan ba, wahalar gyara kuma tata ce. Da ƙyar suka yarda.

Sai ga shekarar da ta faɗa ta zo. Ruwa ya rufe gonaki, da kwalekwale ake shiga wasu ƙauyukan, babu wanda ya iya biyan kuɗin ƙungiya, dala kuma ta yi sama. Shafin bai rufe ba. Matan ƙungiyar suka yi bandar kifin da ruwan ya kawo, Malama ta ɗora hotuna, 'yan kasuwa daga Kano suka yi ta kira. Da wannan ciniki aka sayi iri da man injin noman rani. Alhaji Muttaka da bakinsa yake ba da labarin, yana dariya yana cewa ranar nan fushin banza ya yi.

Malama Jannatu, ke ce kika duba shekarar wuya tun ana cikin ta daɗi. Kin bar kamashonki, kin sha fushin dattijo, ba ki taɓa yi masa gori ba. Mun gode, mun kuma ji daɗinki har zuciya. Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci hannunki.

Ku kuma matasa masu gina wa jama'a shafuka, kafin ku ɗora mutanenku a kan manhaja, ku tambayi kanku ko za su iya riƙe ta a shekarar da ba su girbi ko tiya ɗaya ba.