Dona Odete da Jar Ƙofarta

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko da dusar ƙanƙara ta rufe garinmu Fall River, za ka ga tsohuwar motar Odete Furtado, wadda muke kira Dona Odete don girmamawa, a gaban gidan burodin titin Columbia. Kofi ɗaya take saye da malasada biyu, wani irin fanke mai sukari: ɗaya tata, ɗaya ta duk wanda ta tarar ya tashi da fushi a gidan farko. A bayan motar akwai tsani, da fitila, da wata jar ƙofa ta tamfol mai ƙatuwar fanka a tsakiya. Takan kafa ta a bakin gidanka ta kunna, fankar ta zuƙe iskar ciki, sai duk wata kafar da sanyi ke bi ta soma busa. Daga nan ta bi ɗaki-ɗaki da bayan hannunta tana farautar iska, tana yi mata faɗa kamar wata ɓarauniya.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki na hana sanyi shiga gidajen mutane, kuma Asabar mai zuwa za ta ajiye shi. Na rasa inda zan sa kaina don murna da za a taru a yi mata biki, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake tuƙin motar kifi na iya, ba rubutu ba.

Ku tambayi tsohuwa Belmira ta titin Hope, wadda ta yi hunturu uku tana kwana a kicin da tanda a buɗe. Dona Odete ta sa aka hura mata niƙaƙƙiyar takarda cikin bango don tare sanyi, ta koma gadonta. Har yau idan ta hango motar sai ta ɗaga sandarta. Irin su Belmira sun fi ƙarfin lissafi. Amma ni labarin gidana zan bayar, don shi na gani da idona.

Shekara huɗu da suka wuce 'yata Celina, tana da shekara tara a lokacin, ta soma tashi da ciwon kai kullum. Ga kasala, ga amai wani lokaci. In ta je makaranta ta warware, in ta dawo gida ya dawo. Ni kuwa na yanke cewa sanyi ne, don gidan da na gada wurin mahaifina Manuel ya haura shekara ɗari. Na sayo leda da salatif na liƙe tagogi. Ba ta ji sauƙi ba, na liƙe ƙofar baya. A ɗakin ƙasa, inda injin ɗumama gida yake, na ga wani rami a bango iska na kwarara ta ciki, na cusa masa tsohon kwat ɗina na ji daɗi. Yarinya na ƙara jin jiki, ni ina ƙara toshewa.

Matata Ilda ce ta kira ofishin su Odete ba da sanina ba. Na tare ta a ƙofa.

"Dona, ki yi haƙuri, gidan nan ba ma karɓar sadaka."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini malasada. "Riƙe wannan, Gilberto, bakinka ya samu abin yi. Ilda, kawo mini takardar kuɗin gas."

Ta ɗora yatsa kan wani ɗan layi can ƙasa, wanda ban taɓa karantawa ba.

"Ka ga wannan? Dokar jiha ce. Kowane gida ana ƙara masa 'yan kuɗi kaɗan a takardar wuta da ta gas, a tara, a gyara gidajen mutane da su don kada zafi ya riƙa zurarewa a banza. Shekara nawa kana biya?"

"Goma sha ɗaya."

"To shekara goma sha ɗaya kana gyara gidajen maƙwabta, kana ta alfahari kai ba ka karɓar sadaka. Yau layi ya zo kanka. Matsa mini, ɗan gidan Manuel, tsanin nan nauyi gare shi."

Ilda ta yi dariya har da riƙe ciki. Na matsa.

Ba ta ma kai ga kafa jar ƙofar ba. Ƙa'idarta ce ta fara sauka ɗakin ƙasa, da wata 'yar na'ura rataye a wuya. Muna taka matakala ta uku na'urar ta ɗauki ƙara. Fara'ar fuskarta ta ɓace nan take.

"Ina yarinyar?"

"Tana kwance a sama."

"Ɗauko ta ku fita waje. Yanzu! Ilda, buɗe ƙofofi duka, yage ledar nan!"

Ta kashe injin, ta haska bango, ta jawo kwat ɗina daga ramin da yatsu biyu. Ashe ramin nan da gangan aka bar shi, ta nan wutar injin ke shan iska. Da na toshe shi, sai hayaƙin ya daina bin bututu yana fita, ya riƙa dawowa cikin gida, guba marar launi marar wari. Ɗakin Celina kuwa shi ne daidai saman injin.

A asibiti aka sa wa yarinyar abin shaƙar iska, likita ya ce mun yi sa'a. Ina zaune a baranda na kasa ɗaga kai, sai ga Dona Odete da kwat ɗin a hannu. Na ce mata, "Da hannuna na so kashe 'yata."

Ta ce, "Kai ne na tara da na ciro wa kwat daga rami. Wani ma matashin kai ya cusa. Duk ubannin da suka damu ne ke yi, waɗanda ba su damu ba ko ɗakin ƙasa ba sa sauka. Gida yana numfashi, Gilberto. Toshewa ma akwai inda ake yi, akwai inda ake bari. Litinin zan dawo in nuna maka."

Ta kuwa dawo! Aka gyara injin, aka hura bango, aka sa ƙararrawar hayaƙi a kowane bene. Ta kafa jar ƙofar nan, ta kama hannun Celina tana koya mata jin iska. Hunturun nan gidan ya yi ɗumi irin wanda ban taɓa sani ba tun ina yaro, ciwon kai kuwa ya tafi bai dawo ba.

Dona Odete, ke ce mai shiga ƙarƙashin gidajen da masu su ke ƙyamar shiga, ki fito da yanar gizo a gashi kina dariya. Ke ce kika mayar da ɗan layin da kowa ke tsaki a kansa ya zama ɗumi a ɗakin yara. Ba a taɓa sa hotonki a jarida ba, amma a unguwar nan babu titin da ba ki da gidan da ake yi miki addu'a. Na gode, Ilda ta gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da tsani ya bar miki.

Ku kuma maƙwabta, ku ɗauko takardarku ta gas yau ku nemi layin nan, ku buga wa ofishin su Odete waya, ku bar girman kai irin nawa. Matasa masu neman sana'a, ga jar ƙofa nan za ta rasa mai ɗauka, ku zo ku koya tun tana da ƙarfin yi muku faɗa.

Mu haɗu Asabar ƙarfe biyu a zauren coci, akwai miyar ganye da tsiran alade. Ni zan zo sanye da kwat ɗin nan, ku yi dariyarku. Celina kuma, wadda yanzu ke busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan makarantarsu, ita za ta buɗe taro. Dona, ki zauna a gaba, ki ji yawan iskar da ke ƙirjin yarinyar nan.