Dankalin da Aka Ajiye wa Baƙo

Na manta abubuwa da yawa na shekarun farko bayan samun 'yancin kai, amma dankalin Turawan nan yana raina har gobe.

Bayan na sayar da auduga a Funtuwa, na shiga kantin wata mata 'yar Kudu na sayo shi, don mai ɗakina ba ta taɓa ci ba. Da na kawo gida, garinmu Ƙarfi, ta juya shi a hannu, ta ce baƙon abinci irin wannan ba na 'yan gida ba ne, sai ranar da yayanta ya zo daga Mahuta. Ta zuba shi a kwando ta ajiye gindin randa, wai don ya ji sanyi.

Da zafi ya fara shigowa, sai ga dankali ya fitar da tsiro, babu ƙasa babu ban ruwa. Mahaifiyata, wadda ba ta bar addinin iyayenta ba, ta ce abin da ya tsira a kwando akwai iska a jikinsa. Da na koma Funtuwa na tambayi mai kantin. Ta yi dariya ta ce ai iri ne mai rai, ɗumi da laima ke tashinsa. In yana da tauri, a ƙwaƙule tsiron, a fere inda ya yi kore, a dafa. In ya yamushe ko ya yi ɗaci, a zubar. Ta ce mu ci da wuri.

Na faɗa wa mai ɗakina. Ta ce, "Malam, Yaya dai yana tafe." Kullum da safe sai ta zauna ta ƙwaƙule tsiron da farce, ta mayar kwando.

Sanƙarau ya shigo gari a bazarar nan. Ya kama mai ɗakina, bai ba ta lokaci ba, Allah ya jiƙanta.

Yayan nata ya zo, amma ta'aziyya ce ta kawo shi. Matan maƙwabta suka zaɓi masu taurin suka dafa masa. Ya ci kaɗan, ya ture akushin, ya ce wannan ai bai kai dankalinmu na Hausa zaƙi ba.

Tun daga ranar, abu mai daɗi in ya shigo gidana, ranar ake dafa shi, 'yan gida su fara ci. Baƙo in ya zo, ya ci abin da ya tarar.