Sunan da Babu Mai Kira a Tantinmu

Abin da na fara gani da muka sauka a bakin tafkin shi ne lasifika. An ɗaure ta da jar waya a kan wata doguwar gora, bakinta na kallon ruwa, ga busasshiyar ciyawa na leƙowa daga cikinta, alamar tsuntsu ya taɓa yin sheƙa a ciki. Ban san amfaninta ba sai da rana ta yi ƙasa. A lokacin ne tsohon da ke gadin sansanin ya fito daga rumfarsa, ya hura abin magana, ya fara kiran kwale-kwalen haya da lambobinsu. Duk wanda ya kira, sai ka ga ya juya hanci ya nufo gaɓa. Ban ga ko ɗaya da ya ƙi dawowa ba.

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ke nan. Ina firamare a Guangzhou, muna zaune a unguwar Dengfeng, a saman wani shagon waya: ni, da Mama, da Baba, da Kaka mahaifiyar Baba, wadda aka kawo daga Kano don aikin ido, ta warke ta ƙi komawa. Baba yana sayen tufafi a kasuwar Canaan yana aikawa gida a kwantena. Da wasannin suka matso, sabunta biza ya yi wuya. Maigidan hayarmu ya zo da kansa, yana ta sunkuyar da kai, ya ce ba zai iya ajiye baƙi ba sai an gama. Duk otal ɗin da Baba ya tambaya, amsa ɗaya ce: meyo, wato babu. Takardunmu duka a jikin nasa suke rataye, kuma nasa sun kusa ƙarewa.

Sai ya tuna da wani tanti da wani kamfani ya ba shi samfuri a baje kolin Pazhou, wanda bai taɓa samun mai saye ba. Ya ce mana hutu za mu je, can arewa da birni, daji mai tafki, mu sha iska kwana biyu kafin ya je Hong Kong ya dawo da sabon hatimi. Ni dama ba mai magana ba ce. Amma na lura 'yan China da ke zuwa hutu a wurin jaka ɗaya suke riƙowa da sandar kamun kifi. Mu kuwa da tukunyar tuwo muka zo, da buhun shinkafa, da kayan sanyi a tsakiyar zafi, har da agogon bangon falonmu.

Ranar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Baba ya kafa tanti yana ta rikici da sanduna, tsohon mai gadi ya zo ya taya shi, suka yi ta dariya ba tare da wani ya fahimci wani sosai ba. Baba ya nuna ƙirjinsa ya faɗi sunansa, tsohon ya maimaita gaɓa-gaɓa har ya kama. Kaka ta sake ta da tsohuwar rigimarta ta alƙibla: tun da ta zo China ake gaya mata a nan yamma ake kallo, ita kuma ta ce ta haura saba'in tana fuskantar gabas, yanzu za a ce ta bi rana zuwa inda take faɗuwa. Ta yi mita, ta juya dardumarta. Washegari da sassafe Baba ya saɓa ƙaramar jaka, ya shafa kaina, ya bi hanyar da ta ratsa cikin itatuwa zuwa tasha.

Kwanakin da ya ɗiba suka wuce, wasu suka bi bayansu.

A kwarin babu sabis. Kullum da la'asar Mama takan hau tudu da waya a hannu, ta dawo ƙafarta duk jar laka, ta ce ba ta shiga. Ruwan sama ya yi ta sauka har ƙasan tantin ya fara wari. Shinkafa ta yi ƙasa a buhu, Mama ta koma dama ta kamar kunu tana cewa ya fi sauƙin narkewa. Masu hutu sukan zo ƙarshen mako su gasa kifi, su yi iyo, su tafi, a bar mu da kwaɗi. Duk motar da ta shigo, sai Mama ta tura ni cikin tanti ta tsaya tana karanta jikinta daga nesa. Mun san ranar da takardunmu za su mutu, kuma babu wanda ya san abin da za mu ce in an zo an tambaya.

Wuta kuwa ba a yarda a hura ta ko'ina ba sai a murhun bulo da aka gina wa masu gashi. A nan muke zama bayan magariba. Kaka takan tattara ragowar gawayin da masu hutu suka bari, ta hura da murfin kwano, ta zauna a kan buhun kayan sanyi ta miƙe ƙafa. Ba ta taɓa tambayar Mama ko an samu Baba ba. Ɗan farinta ne, kuma Kaka irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce wancan, ko mutumin naku. Har na fara jin haushinta. Mama na ramewa, ita kuwa tana neman wanda za ta tsokana.

"Zo nan, kurmar gida," takan ce mini. "Sinanci kin iya, Hausa kin iya, amma bakin kamar an ɗinke. To buɗe kunnen. Ga ta nan, ta biyo mu har China ko biza ba ta da shi."

Ni kuma in ce ta zo ta zauna, akwai wuri.

Tatsuniya ɗaya ta riƙa yi mana a duk zaman. Wai wata mata ce ta yi ƙaura da ɗanta masunci zuwa wani gari mai tafki. A tsakiyar tafkin akwai farin dutse, duk wanda ya tuƙa ya wuce shi, uwar ruwa za ta riƙe shi. Ba ta cin mutum, ba ta dukansa, ajiye shi kawai take. Kuma tana da sharaɗi mai sauƙi: in wani ya tsaya a gaɓa da faɗuwar rana ya kira mutum da sunansa na yanka, za ta sake shi. Mutanen garin ba su ɗauki abin da zafi ba, don kowa na da aboki ko ƙanin uba da zai je ya ƙwala kira. Amma wannan mata baƙuwa ce, babu wanda ya san sunan ɗanta sai ita, kuma ɗan fari ne.

Ran da ya wuce dutsen, ta je gaɓa ta ce, "Kai wancan, fito." Ruwa ya motsa, sai ga wani tsoho da ya ɓata tun zamanin kakanni ya fito yana tambayar ina akuyarsa. Washegari ta ce, "Mai sunan malam, fito." Sai ga malami da jiƙaƙƙen rawani, yana neman a ba shi abin karin kumallo. Ta ce ɗan gidan nan, aka ba ta ɗan wani gida. Kaka takan kwaikwayi muryar kowannensu, har Mama, da idonta a kumbure, sai ta yi dariya. Gidan matar ya cika da 'ya'yan mutane, tana tuƙa musu tuwo, nata ɗan yana ƙarƙashin ruwa. Kullum a nan Kaka ke tsayawa. Sai ta ce gawayi ya mutu, a tashi.

Ni fa ban ɗauke ta wasa ba. Na ga tafki a gabana, na ga yadda kira ke dawo da kwale-kwale, na kuma lissafa mu uku da ke cikin tantin nan. Mama da sunana take laƙaba masa, Baban Sakina, don mace ba ta kiran sunan miji. Ni Baba nake cewa. Kaka wancan. Tun da ya tafi, babu bakin da ya furta sunansa. A hankalina na yarinya, wannan ne dalilin da bai dawo ba.

Wata yamma Mama ta sauko daga tudu ba ta ko kalle mu ba, ta shige tanti ta ja zif. Muna jin tana ƙoƙarin danne kuka. A rumfar mai gadi kuwa an kunna ƙaramar talabijin, mutane sun taru suna tafi saboda wani ya ci zinare. Kaka ta fara hura wuta tun rana ba ta faɗi ba, abin da ba ta saba ba. Na lura murfin kwanon da take hurawa da shi na ta bugun bulo. Na kuma lura da wani abu da na daɗe ina gani ban fassara ba: kullum inda take zama, bayanta ne ke kallon tafki, fuskarta kuwa na kallon hanyar da ta fito daga cikin itatuwa.

Na matsa kusa da ita na ce, "Kaka, me zai hana matar nan ta faɗi sunan kawai? Sau ɗaya ne fa."

"Ke kina iya kiran na ubanki?"

Na ce a'a.

"To."

"Ke ki kira shi, Kaka. Ba wanda zai ji. Zan toshe kunnena."

Ta daɗe tana jujjuya gawayi. Na zaci zagina za ta yi, ko ta ce na fara rashin kunya irin ta 'ya'yan waje. Sai kawai ta ci gaba da tatsuniyar daga inda take tsayawa kullum, ba tare da buɗewa ba. Ta ce ashe a garin akwai wani tsoho mai sayar da gishiri, shi ma daga wata ƙasa, wanda ya taɓa taya yaron gyaran komar kamun kifi, har yaron ya gaya masa sunansa. Shi ba uwarsa ba, ba matarsa ba, ba 'yarsa ba, bakinsa a sake yake. Da zai je gaɓa ya kira, da magana ta ƙare.

Na tambaye ta ko ya je.

"Wa zai roƙe shi?" in ji ta. "Matar ba ta jin yarensa."

Ba ta dube ni ba. Ta ce idonta ne ke mata ciwo saboda hayaƙi, ta goge da bakin mayafi.

Yanzu da nake da nawa 'ya'yan, na san ba kiran da aka yi a yammar nan ne ya dawo da Baba ba. An hana shi bizar, aka ce sai dai ya nemo daga gida, ya yi ta neman hanyar sanar da mu har saƙonsa ya iso ta hannun wani abokinsa ɗan Maraɗi, wanda ya zo ya kwashe mu ya sa mu a jirgi ana saura kaɗan takardunmu su ƙare. A filin jirgin Kano muka same shi, ya rame, da rigar da ya tafi da ita. Kaka ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta ce wa Mama ta gaya wa wancan ya ɗauko mata jakarta. Haka ta rayu har ta koma ga Allah, ban taɓa jin sunan a bakinta ba, kuma ni ma ga shi na kasa rubuta shi a nan.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin tatsuniyar shi ne kunya na iya sa mutum ya rasa abin da yake so. Daga baya na daina ganin haka. Kaka ba ta yarda lasifika na fito da mutum daga Hong Kong ba, ta fi ni sanin wannan. Kunnenta ne ke ƙishin sunan. Ita ta yi naƙudar mai sunan, a gabanta aka raɗa shi, ta yi shekaru tana jin sa a bakin wasu tana kawar da kai, sai ga ta a dajin da ba mai faɗinsa ko da kuskure. Ba ta da hanyar cewa tana tsoro, sai ta ƙirƙiro mai gishiri ta ajiye a gabana. Kuma na ga fuskarta a yammar nan, lokacin da sunan ya fita a kan ruwa, a karye, gaɓa-gaɓa, duwatsun tsallake suka maido shi. Ba ta juya ba. Murfin kwanon ne kawai ya daina bugun bulo.

Amma abin da na fi tunawa shi ne tafiyar. Daga murhu zuwa rumfar mai gadi ba nisa, sai dai ni yarinyar da ko a aji ba ta ɗaga hannu ce. Na ratsa masu kallon talabijin, kowa ya juyo yana duban baƙar yarinya mai ɗankwali. Tsohon ya riga ya ɗauki abin maganarsa, kwale-kwale biyu ne suka rage a ruwa. Na tsaya har ya kira su. Da zai kashe, na riƙe bakin rigarsa. Na kira shi Yeye, yadda yaran China ke kiran kakansu.

"Yeye," na ce da Sinanci, "saura ɗaya bai dawo ba. Ba shi da lamba. Wanda ka taya kafa tanti, ka san sunansa. Don Allah ka kira mana shi."