Ƙaryar da na yi a bakin gonar Kawu

Bakina ne ya jawo. Kimiyya nake koyarwa a wata kwalej a Magarya, inda ake ce wa malami Mushe, kuma ina da ciwon son a ce na sani. Shekarar da aka binne wayar rezo, wato ta sadarwa, a gefen titi, na shiga aji na rubuta jarmaniyom a allo. Na ce wa ɗalibai ma'adini ne mai ƙyalli kamar azurfa, amma in ka buga shi sai ya farfashe. Ba ya sakar wa lantarki hanya kamar jan ƙarfe, ba ya kuma tare shi gaba ɗaya, shi ya sa aka yi rediyoyin da da shi. Da shi ake yin idon kyamarar da ke ganin zafin jiki, da farantan sola na tauraron ɗan'adam. Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Sai na nuna taga, na ce wayar da ke kwance a bakin gonakinmu ma akwai shi a ciki, shi ke riƙe hasken da ke ɗaukar magana, kuma yana da tsada. Tsadar kawai yaran suka kai gida.

Ran Lahadi da hantsi Inna ta kira ni. Kawu, yayanta, ya ɗebi maƙwabta da diga da shebur sun nufi bakin gonarsa, inda wayar ta bi. Wani ɗan gwangwan ya ce zai sayi wayar.

"Jandarmomi ba sa rabuwa da hanyar nan," ta ce. "In suka rufe shi da tsufansa, gawarsa za a ba mu. Kai ka faɗa, kai za ka hana."

Na zari guntun wayar da ma'aikata suka yar, wanda nake nunawa a aji, na hau babur.

Na tarar rami ya kai gwiwa. Kawu na tsaye a kai da sandarsa. A wurinmu ɗan ƙanwa ba ya cewa kawunsa bari a gaban mutane, ba ya kuma fara magana kafin gaisuwa ta ƙare. Na durƙusa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi 'yan lakwal, wato 'yan makarantarmu, diga kuwa na ta sauka a bayana. Kowane sara a ƙirjina nake jin shi.

Da ƙyar na samu na fere guntun wayar na nuna masa.

"Kawu, dubi. Gilashi ne, bai fi silin gashi ba. Abin an narkar da shi a ciki kamar gishiri a miya. Babu maƙerin da zai iya fitar da shi."

"To, Mushe, akwai ke nan?"

"Akwai, amma ɗan..."

"Ku ci gaba," ya ce wa masu haƙa.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran. Shebur ya ɗago robar gargaɗi da ake shimfiɗawa a saman wayar. A daidai lokacin na ji ƙugin mota daga wajen Magarya, tana tahowa a hankali. Bayani ya ƙare mini. Na miƙe na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kawu, ƙarya na yi. Babu komai a ciki. Na faɗa wa yara ne don su ce na sani."

Diga ta tsaya. Kawu ya juyo gare ni. Shi ne ya kai ni lakwal da hannunsa ranar farko, kuma duk takardar da ta shigo gidansa ni yake jira in karanta.

"Ashe haka kake," ya ce. "Ku mayar da ƙasa."

Motar ta wuce mu suna cikin cike ramin. Ta 'yan kasuwar Sassumbrum ce, da awaki a sama.

Ran Litinin ina rubutu a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Mushe, wannan gaskiya ne, ko irin na wayar ne?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce ta kwafa kawai, na juya fuskata ga allo don kada su ga idona.

Kawu yana nan a gidansa, ba wanda ya taɓa shi, na gode wa Allah. Muna gaisawa kamar kullum. Watan jiya na je na tarar ya dawo daga likita da takardar magani a hannu. Na miƙa hannu in karanta masa. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa maƙwabci.