Gadon Hutawar Kawu

Na fi shekara ashirin ina kafinta a Rano, a wata rumfa bayan tasha, kuma a duk tsawon lokacin nan abin da ake kawo min bai wuce bencin makaranta da ƙyauren banɗaki ba, sai ko teburin mai shayi idan ƙafarsa ta karye. Kayan ɗakin amare, inda kafinta yake yin suna, sai a wuce ni a kai wa yaran da suka koyi manna fomeka a kan filawud shekaranjiya. Ni na san na fi su hannu. Abin da na rasa shi ne aiki guda ɗaya da za a gani a tambaya wa ya yi.

Wanda ya kawo min aikin taubashina ne, ɗan kawuna, uwata da ubansa ciki ɗaya. Tare muka yi firamare a garinmu Fassi. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare, shi ya zarce har ya zama mai zana wa masu hali gidaje a Abuja. Duk garinmu Injiniya ake ce masa, shi kuwa ya tsani sunan, wai shi akitek ne. Saboda haka ni ma Injiniya nake ce masa.

Da damina ya zo, lokacin Kawu yana kwance a asibiti a Kano, hawan jini ya kayar da shi. Ya tsaya a bakin rumfa yana ɗage ƙafar wando kada garin katako ya taɓa shi.

Ya ce, "Kai, mai benci, kana iya karanta zane?"

Na ce, "Ina karanta na mutane. Naka ne ban sani ba."

Ya shimfiɗa wata takarda a kan teburina. Wai gadon hutawa ne zai yi wa Baba, a ajiye a zaure, idan an sallamo shi ya riƙa kishingiɗa yana shan iska. Wai Japanawa suna son abu ƙasa-ƙasa, kuma ba sa buga ƙusa, katako ne yake riƙe ɗan'uwansa. Mutanen Danmak kuma suna son a goge kowace kusurwa ta yi sumul, ba ado, ba tarkace. Shi ne ya zauna ya haɗa biyun.

Na ce, "Japan na san su, masu babur da injin ban-ruwa. Ita Danmak ɗin a wace jiha take?"

Ya ce, "Shi ya sa har yau kake benci. Ka yi wannan da kyau, na rantse maka irinsa goma zan turo maka daga Abuja."

Na duba zanen. Tsawo ƙafa shida da rabi, faɗi ƙafa biyu, tashinsa daga ƙasa bai kai gwiwa ba. Dogayen sanduna biyu a gefe, ƙanana a gicciye a tsakaninsu, da 'yan ƙafafu huɗu. Su dogayen sun zarce ƙafafun gaba da baya da kamar kamu ɗaya. Ba fenti, ba kushin, ba allon kai, sai ɗan mai da za a shafa. Na ce bari in datse waɗannan da suka yi tsini, za su riƙa kama wa tsoho riga. Ya ce idan na datse su na datse Japan ɗin gaba ɗaya.

Sati uku na yi a kansa. Maɗaci na samo busasshe, na huda ramuka, na fere bakin kowace sanda daidai raminta, in gwada, in cire, in ƙara ferewa. Sau biyu na ɗauko ƙusa zan soka ta ƙasa inda ba wanda zai gani, sai in mayar. Ranar da sanda ta ƙarshe ta shige ta zauna, na hau kai na yi tsalle sau uku, ko ƙis bai yi ba. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kuma har yau ban janye wannan maganar ba.

Mai facin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya sa mu cika da imani," ya koma wurin tayoyinsa. Na ce a raina hassada ce.

Injiniya ya dawo da katifar da ya sa tela ya ɗinka, siririya, da farin alawayyo, wai launi zai ɓata zanen. A lokacin an sallamo Kawu, an kawo shi gida a mota da yamma ana ruwa, kusan ba wanda ya gan shi. Washegari da hantsi muka ɗauki akori-kura za mu kai masa gadon Fassi. Muka naɗe katifar ta tsawonta, muka ɗaure ta wuri uku kada ta warware, muka kwantar a kan gadon. Da yake ana yayyafi, kuma katakon ba fenti, Injiniya ya sayi sabuwar tabarma muka lulluɓe.

Mun wuce Kibiya lafiya. Muna dab da gari muka tarar ruwan da aka kwana ana yi ya cinye kwalbati, mota ba ta wucewa. Sai a ƙafa. Ni da Injiniya muka kama gaba, direba da wani mai babur da ya maƙale a wurin suka kama baya. Sandunan nan da na so in datse suka zauna a kafaɗa kamar don ita aka yi su. Har na ce wa Injiniya ashe Japanawan nan suna da hankali.

Ba mu yi nisa ba wani mutum da ke noma a gonar dawa ya ɗago, ya dube mu, ya dubi Injiniya, ya yar da fartanya ya taho da sauri. Ya sa kafaɗa ya karɓi direba. Wasu biyu suka fito daga wata gonar, ɗaya ya karɓi mai babur, ɗaya ya karɓe ni. Kafin mu kai rijiyar bakin gari mun fi mutum talatin, wannan ya ɗauka taku goma, wancan ya karɓa, kowa kansa a ƙasa, ana sauri.

Injiniya ya matso kusa da ni yana haki, ya ce, "Ka gani ko? Zane mai kyau ba ya buƙatar bayani. Ko ɗan ƙauye ya gani ya san ya ga abu."

Na ce, "Zane ko aikin hannu?"

Wani dattijo, abokin Kawu tun suna samari, ya kama hannuna ya riƙe gam. Ya ce, "Sai haƙuri, ɗana."

Na ce, "Wallahi Baba an sha wahala. Sati uku ana fama."

Ya ce, "Allah ya sa kaffara ce. Yaushe abin ya kasance?"

"Jiya bayan la'asar aka gama."

"An yi masa komai a can, ko sai an shiga da shi ciki?"

"Komai an yi. Ni da hannuna na goge shi, na shafa masa mai."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka cika ɗa." Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

A nan na ji wata mata ta kurma ihu a bayan danga. Na tsaya cak. Jama'a sun yi gaba da kayan, karo na farko da na hango aikina daga nesa a kafaɗar mutane, tabarma a sama, farin ƙyalle yana leƙowa ta ƙasa. Ni da na ɗauki makara ba adadi a garin nan, na yi sati uku ina ƙera ta da hannuna ban gane ta ba, don an ce min sunanta Japan.

Na ruga ina cewa ku tsaya, ku sauke, katifa ce. Maza biyu suka rungume ni, ɗaya yana cewa, "Ku riƙe shi, kawunsa ne, abin ya taɓa shi." Injiniya ma ya fara bayani da Turanci, aka rirriƙe shi ana ce masa ya yi ta maza.

A ƙofar gidan Kawu aka sauke, aka daidaita ta gabas. Liman ya iso yana gyara rawani, har an fara ja sahu. Sai ga Kawu ya fito daga zaure, sanda a hannu ɗaya, kofin kunu a ɗayan, bayansa matan maƙwabta da suka shiga da kuka suka tarar da shi yana karyawa. Ya dubi taron, ya ajiye kofin a dakali.

Ya ce, "Inna lillahi. Wa muka rasa?"

Sahun baya ya watse. Wani har takalmi ya bari. Liman dai ya dake, ya ce, "Alhaji, ai kai ne."

Kawu ya ce, "Ni? To ba a aiko min ba."

Ni na kwance igiyoyin, katifa ta baje. Injiniya ya durƙusa ya fara, Baba gadon hutawa ne, Japanawa kaza, mutanen Danmak kaza. Kawu ya zagaya abin a hankali, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Wa ya zana?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ƙera?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

Ya ce, "Shi wannan na san karatu ne ya yi masa yawa. Kai da ba ka yi ba, mene ne uzurinka?"

Dariyar da aka yi a wurin, har waɗanda suka gudu sai da suka dawo suka yi tasu. Aka yi aka yi Kawu ya ɗan zauna a kai ko don ɗansa, ya ce zai hau amma ba da ƙafarsa ba. Liman kuwa tuni ya tsuguna yana shafa katakon. Ya ce tasu ta masallaci ta gwangwala ce, ta tsufa, kullum sai ta yagi likkafani. Wannan kuwa ba ƙusa, ba nauyi, ba ta ƙara. Kawu ya ce ya ba masallaci sadaka. Katifar dai ya riƙe.

Injiniya ya koma Abuja a ranar. Hoton da ya ɗauka a rumfata ya sa a waya, na ji an ce can an yaba ƙwarai. Goman da ya rantse zai turo, wani kamfani ya ba, wai su suna da inji.

Suna kam na yi. Daga Rano har Kibiya, ka ce mai makara, ɗan acaɓa zai sauke ka a bakin rumfata.

Bayan sallah wata Hajiya ta zo da 'yarta da za a aurar, baƙuwa ce a unguwar, wani ya ce mata akwai kafinta mai aikin maɗaci ba ƙusa. Muka zauna, ta zaɓi gado da madubi da kabad, har na ɗauko fensir ina zana mata allon kai. Irin ranar da nake jira ke nan. Sai wasu dattawa biyu suka yi sallama, suka ce daga Durba suke, nan ne wurin mai makara? Wai irin ta Fassi suke so, amma a ƙara faɗi.

Hajiya ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Hajiya, gado ne. Zanen Japan ne da Danmak."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Ke, tashi mu tafi, ba da 'yata ba."

Na bi su da kallo har suka tsallaka titi, suka shiga wurin yaran fomeka. Na juya takardar da nake zanen allon kai, na dubi dattawan Durba na ce su faɗa min inci nawa za a ƙara.